Hoton Tsohon Ƙarfe Ba Ya Gyara Waƙa

Yau na ɗan ajiye zancen littattafai, domin akwai wata cuta da ta kama masu haɗa kiɗa a situdiyo, tun daga Amurka har zuwa Kano, kuma ta ishe ni. Cutar kuwa ita ce bautar fulogin, wato ƙananan manhajojin nan da ake sa wa kwamfuta su kwaikwayi tsofaffin na'urorin situdiyo. Mutum zai tara guda 60, ya riƙa nuna wa baƙi kamar kayan lefe, amma ka tambaye shi aikin ɗaya daga ciki, sai ya hau kame-kame.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Na'urorin na asali sun ci sunansu. LA-2A ta shekarun 1960 da haske take aiki a cikinta, shi ya sa take matse murya a hankali, ba fizga. Ita kuwa 1176 da Bill Putnam ya fitar a 1967, kafin kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ta cafke sauti. Fairchild 670 kwalaben wuta 20 ne a cikinta, irin na tsohuwar rediyo. Neve 1073 ta 1970 kuma kauri take ƙara wa murya. Kowace da halinta, kowace da inda ta dace.

To ina matsalar? Matsalar ita ce da ido ake saye, ba da kunne ba. Kamfani zai zana maka allura tana rawa, har da tsatsa a jikin kusa, sai ka ji kamar kana Abbey Road a Landan. Alhali abin da ke ciki lissafi ne kawai. Wani lissafin ya yi kyau ƙwarai, wani kuwa rawani ne babu malami. Sannan ga wata dabara: da yawansu da ka kunna sai ƙara ta ɗan ƙaru, kunnen ɗan Adam kuwa duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi. Da haka ake raba mutane da dalolinsu.

Ni dai ga matsayina. Zaɓi aiki tukuna, sannan ka nemi kayan aiki. Murya mai taushi kake so ta zauna daram? Nemi mai kwaikwayon LA-2A. Ganga kake so ta yi cizo? Ga 1176, amma in ka matse kalangu da ita fiye da kima, ka kashe bugun, ka bar gunji. Kafin ka biya ko sisi, karɓi na gwaji, ka daidaita ƙarar da fulogin da kuma babu shi, ka rufe ido, wani ya riƙa sauya maka. In ba ka iya bambancewa ba, riƙe kuɗinka. Sau da yawa wanda ya zo kyauta cikin FL Studio ko Cubase ya ishe ka.

Za a ce ai manyan duniya da su suke aiki. Haka ne, amma a tuna Beatles sun naɗi shahararren kundinsu na 1967 ne a kan na'urori masu layi 4 kacal. Abin da suke da shi mawaƙa ne da suka iya waƙa, da ɗaki mai kyau, da injiniya mai kunne. Kai kuma ɗakinka amsa-kuwwa yake yi, janareto na kuka a bayan taga, mawaƙin ya kauce wa kari sai Auto-Tune ke tallabe shi, amma kana neman 1176 ta biyar! Kuɗin nan da makirfo ka saya, ko ka lulluɓe bangon ɗakin, da kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mai sauraro a cikin A Daidaita Sahu bai san Fairchild ba, bai kuma damu ya sani ba. Waƙa ce ko ta shige shi ko ta wuce shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wanda bai yarda ba, fili a buɗe yake. Sai dai ya zo da kunnensa, kada ya zo mini da hoto.