AKAWU YA SHIGA CIKIN WAYA

Jama'a, zancenmu na makon nan a kan masu kantuna ne. Yanzu akwai manhajoji, kamar QuickBooks ta Amurka da Xero ta Niyu Zilan, masu tsare wa ɗan kasuwa lissafin saye da sayarwa da bashi. Lissafin yana ajiye a intanet, ko gobara ta ci rumfa ba za ta ci shi ba.

Amma fa ƙa'idarsu tsohuwa ce. Tun 1494 wani malami, Luca Pacioli, ya buga ta a Italiya: kowane kuɗi a rubuta inda ya fito da inda ya shiga. To, in mai kanti ya zari kuɗin cefane, ya ba surukinsa kaya bashi don kunya, bai rubuta ba, ina na'ura za ta sani? Sai ta riƙa nuna masa riba, alhali kuwa uwar kuɗi tana zurarewa.

Saboda haka ku yanka wa kanku albashi, ku raba kuɗin gida da na kanti, ku rubuta bashi ran da aka ci shi. Sa'an nan manhaja za ta amfane ku. Haza wasalam.