Samarinmu da ke kwana a bakin ruwan Namibiya

Wani sabon kallo ya shigo fadojin samari a Kwaya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma har an fara yi masa faɗa tun ba a fahimce shi ba. Kyamara ce aka kafa a bakin wani ɗan ruwa cikin hamadar Namib, a ƙasar Namibiya, tana aiko hoto kai tsaye ta YouTube dare da rana. Babu mai bayani, babu kiɗa, sai iska da rairayi. Can mariri ya zo ya sha ya wuce, jimina ta ratsa, da dare dila ya leƙo idonsa na ƙyalli. Akwai irinta a Afirka ta Kudu da Kenya, inda giwaye da ɓauna ke zuwa. Wani sai ya yi sa'a uku yana riƙe da salula bai ga komai ba sai tsuntsaye, kuma bai kashe ba.

Abin ba a kanmu ya fara ba. A Suwidin, gidan talabijin na gwamnati yana nuna ƙaurar wasu manyan barewin daji tun 2019, kusan kwana ashirin a jere ba yankewa, jama'a na jiran su ga sun haye kogi, kuma a 2024 an buɗe shirin sau miliyan 9. A Amurka, ranar 15 ga Afrilu 2017, mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka zuba ido lokaci guda suna kallon haihuwar wata raƙumar dawa a gidan dabbobi na jihar New York. A shekarar 2017 ɗin ce ma BBC da masana na jami'ar Kalifoniya suka fitar da binciken da ya nuna cewa kallon namun daji, ko na ɗan lokaci, yana rage fargaba da gajiyar zuciya. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san natsuwar da ke sauko wa mutum idan dabba ta sunkuya tana shan ruwa.

Sai dai su can suna da wuta da intanet mai arha. Mu nan kowane minti da kuɗinsa. Sai an sayi mega, sai an kai wa mai caji, sai an nemi inda rezo ke kamawa, wasu ma na riƙe da layin Najeriya don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Hoto mai motsi kuwa shan mega yake kamar rairayi da ruwa. Jaka guda da za ta sayo hatsin yini sai ta tafi cikin dare ɗaya.

Abin da ke riƙe mutum a wannan kallo shi ne ba ya ƙarewa. Fim yana da ƙarshe, ƙwallo minti casa'in ce alƙali ya hura a tashi. Wannan kuwa babu inda za a ce maka an gama, kuma zuciya na raya maka cewa da ka kashe, a lokacin ne abin da kake jira zai zo. "Bari in ƙara kaɗan." Da irin wannan igiyar caca ke ɗaure mai yin ta, bambancin kawai nan ba kuɗi ake jira ba.

Wata uwa daga dangin matata ta same ni da kukan ɗanta, ɗan kabu-kabu mai mata da ƴaƴa biyu. Ta ce: "Malam, yaron nan ko jifa aka yi masa? Ba ya hira, ba ya barci, sai kallon namun daji har kiran assalatu." Na je na tarar da shi bayan isha'i a kan tabarma, gefen babur ɗinsa, ya jingina salular da butar shayi, gilashinta a tsage, hoton baƙi da fari irin na dare. Na zauna, muka yi ta kallo tare ban ce komai ba. Da aka jima na ce: "Ɗana, me kake samu a nan?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce: "Baba, a nan ne kawai ba wanda ke bina bashi."

Sai maganar ta fito. Babur ɗin na bashi ne, ya karɓa da niyyar biya daga jigilar mai da kaya ta kan iyaka. A watan Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, ribar ta tsinke. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kafin nan bashi ya hau bashi. Gonar gado kuwa, da aka raba tsakanin ƴan'uwa, abin da ya samu ba ya kai shi rabin shekara. Duk wanda ya san ƙasar Magarya da Dungas ya san wannan labari ba na gida ɗaya ba ne: mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, kowane rani samari na watsewa ci-rani zuwa Kano, Legas, Agadas, Libiya.

Wannan yaro ba rago ba ne, ba kuma aljanu suka shafe shi ba. Damuwa ce ta cika masa ciki, kuma mun tashe shi a kan cewa namiji ba ya kuka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A fada ana raha, ana gardamar ƙwallo da siyasa, amma wa zai buɗe baki ya ce tsoro yake ji? Ya nemi wurin da ba a tambayarsa komai, ya same shi a hamadar da bai taɓa takawa ba. Masu cewa a ƙwace wayar su tuna da abin da ke jiran sa'o'insa a bakin tasha. Na fi son in ga yaro yana kallon jimina da in gan shi yana haɗiyar taramol.

Amma ba zan ce ba komai ba, don akwai komai. Mai kwana ido biyu shi ne zai hau babur da safe ya ɗauko matar wani da goyo. Asuba na wuce shi. Matarsa na kwana da nata tunanin ita kaɗai, ga miji a tsakar gida amma kamar ya yi tafiya. Bashin nan kuma yana nan inda ya bar shi, har da ƙarin kuɗin mega. Hutun da ake samu na gaskiya ne, sai dai da gari ya waye ya ƙare.

Akwai kuma wani abin da ke sosa mini rai. Dabbobin da yaranmu ke biyan kuɗi su gani, da yawansu namu ne a da. Tsofaffi na ba da labarin barewa a bayan gari da kukan kura da dare. Mariri na Sahel, ɗan'uwan wancan na Namib, an ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000, sai daga 2016 aka fara mayar da shi daji a Cadi. Raƙuman dawan Kure sun ragu har 49 a 1996, aka tsaya musu, suka haura 600, kuma a 2018 aka kai takwas dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. A nan jiharmu ta Damagaram, a Kelle ta gundumar Gure, akwai wurin renon jimina mai jan wuya. Saurayin Kwaya ya san jiminar Namibiya, bai san da ta Kelle ba. Me zai hana ma'aikatar muhalli ta kafa kyamara mai sola a Kelle ko Gadabeji, a riƙa nuna wa ƴan makaranta da rana, da bayani cikin Hausa? Manoman Magarya da Matamaye da Mirya ne suka raya gawo a gonakinsu har masana daga ƙasashe suka zo gani, kuma shamuwa na nan tana sheƙa a itatuwan garuruwanmu duk gabanin damina. Mutanen da suka iya wannan ba za a ce ba su damu da halitta ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ƴan fada su mayar da kallon na taro: waya ɗaya, a haɗa kuɗin mega, a kalla tare da shayi, shayi na uku na ƙarewa a kashe. Ma'aikatan asibitin karkara, idan saurayi ya zo da ciwon kai da kasala, su tambaye shi yadda yake barci da abin da ke hana shi, kafin su miƙa masa ƙwaya. Uba ko kawu da ya ga hasken salula a tsakar gida ƙarfe biyun dare, ya jinkirta faɗan, ya tambayi nawa ne bashin, wa ke bi, sannan ya taka da kansa wajen mai kuɗin a nemi sassauci, a tsara biya kaɗan-kaɗan zuwa kaka.