Ramin da aka tona ya fi kan yumɓun tsada

Ranar da na kai ɗana gidan tarihi na Jos, ya tsaya gaban wani kan yumɓu mai idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar idon da hanci da baki, gashin kuwa an yi masa tukkaye kamar na amarya. Ya ja mini riga ya ce, "Baba, ai gunki ne." Ban tsawata masa ba, don ni ma da kalmar nan na tashi. Sai dai ita ce ta karya farashin kayan Nok a idonmu. Abin da ka kira gunki, in baƙo ya miƙo maka kuɗi a kansa, gani kake ka yar da ƙwallon mangwaro ka huta da ƙuda.

A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin waɗannan a ƙauyen Nok, kudancin Kaduna. Wani kan da aka tono a Jama'a har gadin gonar doya ya yi kafin ya faɗa hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Daga baya dillalai suka gano bakin zaren. A 2000 aka baje biyu daga cikin kayan a gidan tarihin Louvre da ke Faris, an saye su a hannun wani dillali ɗan Beljiyam. Da aka yi ca a kan Faransa, sai a 2002 ta yarda cewa mallakar Najeriya ne, amma za ta riƙe su aro na shekara 25.

Kowa na kukan a dawo da su. Ni kukana na ramin da aka tono su ne. Masana daga jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin a 2005 sun tarar da wurare da yawa masu tonon dare sun riga sun birkita su. Inda ƙasa ta tsira, sun tace ta sun sami ƙonannen gero da wake. A jikin tsingaron tukwane sun gano kakin zuma na wajen shekara 3,500. Wato mutanen nan gero suke ci kamar mu, suna ɗiban zuma, a wurin da ake kira Taruga kuma har tama suke narkawa. Duk wannan a cikin gawayi da tarkacen da mai tonon dare yake watsarwa da shebur ake karanta shi. Kan yana iya dawowa a jirgi, birkitacciyar ƙasa kuwa ba mai sake jera ta.

Ban ga laifin saurayin da yunwa ta tura daji da diga ba. Dagacinsa da malaminsa nake so su ji cewa ba bauta ake nema ba, sani ake nema, kuma ko mu an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda na farko suka ƙare. Ɗana dai da na ba shi labarin zumar, komawa ya yi ya leƙa cikin bakin kan.