Awon Magani da Harshen Mai Ciwo

Mu ɗaliban Hausa mun daɗe muna ƙirƙiro kalmomin nahawu da adabi, amma mun bar wa Turanci ɗakin magani. Mu ɗauki insulin, maganin ciwon sukari da aka gano a Toronto cikin 1921. Masana suna sa shi cikin dangin feftayid, watau sarƙoƙi biyu ne na amino asid guda 51.

To, manomin Kudan da ya sayar da rakensa ya sayo kwalba ɗaya, abin da ya dame shi awo ne. Wata kwalba yunit 40 take da shi a kowane mililita, wata kuwa 100. In ya zuƙi mai 100 da sirinjin 40, ya yi wa kansa ninki biyu da rabi, sukarin jininsa ya faɗi har ya suma. Ga shi duk "allura" muke kiransu.

A ganina, wajibi ne malaman Hausa da na harhaɗa magunguna a Zariya su zauna, su tsayar da kalmomin ƙarfin magani da awonsa da sirkinsa. Wanda ya bambanta mudu da tiya ba zai kasa ganewa ba, muddin da harshensa aka gaya masa.