Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Magidanci Da Ambaliyar Ƙanƙara

Mu a ƙasar Hausa mun saba da ambaliyar damina, wadda ruwan sama kan kawo a watan Agusta ko Satumba. Amma a can ƙurewar arewacin duniya, watau jihar Alaska ta Amurka da arewacin Kanada da yankin Saibiriya na Rasha, akwai wata irin ambaliya da kan auku ba tare da ko ɗigon ruwan sama ya sauka ba. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, ko da yake hukuma tana da nata nauyin, mafi yawan abin da kan tsira daga irin wannan masifa ya dogara ne a kan shirin da kowane magidanci ya yi tun kogi bai motsa ba.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake faruwa. A waɗannan ƙasashe sanyin hunturu kan daskarar da saman kogi har ƙanƙarar ta kai kaurin mita guda ko fiye, mutane su riƙa bin kanta kamar hanya. Idan watan Afrilu ko Mayu ya kama, sai dusar ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙasa ta narke, ta kwararo cikin kogi. In ɗumin ya zo sannu a hankali, ƙanƙarar kogin takan yi laushi ta narke a inda take. In kuwa sanyi ya daɗe, sa'an nan zafi ya zo farat ɗaya, sai ruwa ya ɗaga ƙanƙarar tun tana da ƙarfinta, ya farfasa ta, ya kwaso ɓaraguzanta masu girman ɗaki. Da zarar sun isa wata kwana ko matsatsi, sai su cushe su zama madatsa, ruwa ya taru a bayansu, ya hau tudu cikin 'yan sa'o'i. Kogunan da suke gangarawa arewa, irin su Lena da Athabasca, sun fi fuskantar wannan haɗari, domin kudancinsu kan narke alhali arewacinsu yana daskare.

A watan Mayu na 2001 ruwan kogin Lena ya cinye kusan duk garin Lensk, har sai da jiragen yaƙin Rasha suka yi ta jefa bama-bamai a kan ƙanƙarar don a buɗe wa ruwa hanya. A watan Afrilu na 2020 an kwashe mutane kimanin 13,000 daga Fort McMurray a Kanada. Amma labarin da ya fi jan hankalina shi ne na Galena, wani ƙaramin gari a bakin kogin Yukon a Alaska, wanda mutanensa ba su cika 500 ba. A ƙarshen watan Mayu na 2013 ƙanƙara ta cushe a wani wuri da ake kira Bishop Rock, kimanin mil 18 a ƙasa da garin, ruwa ya komo baya ya lalata kusan tara cikin goma na gine-ginensa. Garin ba shi da hanyar mota da ta haɗa shi da sauran jihar, saboda haka da jiragen sama aka kwashe mafi yawan jama'a.

To, me hukuma za ta iya yi a irin wannan hali? A Alaska, kowace shekara ma'aikatan hasashen yanayi da na agajin gaggawa sukan bi koguna a ƙananan jiragen sama, suna duba inda ƙanƙara take, suna sanar da ƙauyuka. Wannan aiki ne mai kyau ƙwarai, amma iyakarsa gargaɗi. Matuƙin jirgi ba zai sauko ya ɗaure wa kowa tankin man ɗumama ɗakinsa ba, alhali tankin da ba a ɗaure ba ruwa kan tumɓuke shi, man ya malale ya ɓata rijiya da ƙasar gida. Maigida ne kaɗai zai kai injin wutarsa da babur ɗinsa na tafiya a kan dusar ƙanƙara da karnukansa tudu tun da wuri. Shi zai gyara kwalekwalensa, ya tanadi ruwan sha da maganin tsofaffin gidan, ya adana takardun gida da na haihuwa a inda ruwa ba zai taɓa su ba. Shi ya san maƙwabcin da ba ya iya tafiya sai an ɗauke shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Janyewar ruwa kuma ita ce farkon wahala ta biyu. Mutanen Yukon sun dogara ƙwarai da kifi da naman farauta da suke ajiyewa a firiza, kuma da wuta ta ɗauke sai guzurin shekara ya ruɓe. Gidajensu na katako ne, an cusa wa bangonsu wani abu mai kama da auduga don tare sanyi. In ya jiƙe ba a cire shi ba, sai gidan ya yi fumfuna, ya jawo ciwon ƙirji. Daɗin daɗawa, lokacin gyara ƙanƙane ne, domin manyan kayan gini ta jirgin ruwa suke zuwa, kogin kuwa yakan sake daskarewa wajen watan Oktoba. Wanda ya ɗauki hoton ɓarnar da aka yi masa, takardunsa kuma suna hannunsa, ya fi saurin samun tallafi a kan wanda ya fito da rigar jikinsa kawai.

Wani zai ce, me ya hana su tashi daga bakin kogin baki ɗaya? Tambayar tana da ma'ana, amma kogin shi ne gonarsu da kasuwarsu da hanyarsu. Bugu da ƙari, an gwada wani abu mai kama da haka: bayan ambaliyar 1971 an gina wa mutanen Galena sabuwar unguwa a wurin da aka ɗauka ya fi tsaro, amma ruwan 2013 bai ƙyale ta ba. Shi ya sa bayan wannan shekara aka ɗaga gidaje da dama a kan ginshiƙai. A nan ne nake ganin nauyin hukuma yake, domin talaka ba shi da kuɗin ɗaga gida ko gina ganuwar tare ruwa. Kada a fake da cewa kowa ya yi ta kansa a bar shi da abin da ya fi ƙarfinsa.

Daga ƙarshe, ko da yake kogunanmu ba su daskarewa, ambaliyarmu ma tana da lokacinta sananne kamar tasu. Mutanen Haɗeja da na Argungu sun san watannin da kogi kan cika, kuma Maiduguri ta ga abin da ya faru da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Idan magidanci a Yukon yana soma shiri tun ƙanƙara ba ta tsage ba, namu ma ya kyautu ya yashe magudanar ƙofar gidansa, ya ɗaga hatsinsa, ya san tudun da zai kai iyalinsa tun kafin hadarin farko ya haɗu.