Takardar Shaidar Kaya Daga Rumbu Take Farawa

Ɗan kasuwan da ya loda wake bisa kamyo a Maradi yakan ɗauka in ya biya duwan, ya gama. Ba haka ba ne. Manyan kasuwannin ƙetare ba su karɓar abinci sai da takardar shaidar lafiyarsa, da rubutu bisa buhu mai nuna sunan kaya, nauyinsu, ƙasar da suka fito, da lambar da za a bi a gano mai su.

Waɗansu na cewa dabara ce ta toshe wa talaka kasuwa. Lalle awon da tsada, amma dokokin ba haka kawai suka samu ba. A shekarar 1960, talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gujiya daga Barazil. Bincike ya gano wata guba, aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa, mai kawo ciwon dajin hanta. Tarayyar Turai ba ta yarda gubar ta wuce mikrogram 4 cikin kilon gujiyar ci ba. Mikrogram kuwa shi ne giram an raba shi miliyan. Ido ba ya ganinsa.

A 2015 kuma Tarayyar ta hana shigar busasshen waken Najeriya, saboda maganin ƙwari mai suna dikulorbos da aka samu ya yi yawa cikinsa. Hanin bai bar mai gaskiya ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Nijar, ƙasar wake, ta ɗauki darasi.

Saboda haka aikin daga gona da rumbu yake farawa. A shanya gujiya ta bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓa. A adana wake cikin buhu mai ninki 3, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, ba tare da magani ba. Malaman gona su koya wa ƙungiyoyin manoma wannan. Ma'aikaci kuma kada ya buga hatimi bisa kayan da ba a auna ba, domin hatimin nan sunan ƙasa ne.

A kuma tuna, buhun da aka ƙi a ƙetare kasuwar gida yake komawa, a yi wa yara ƙuliƙuli ko ƙosai da shi. Lafiyarsu ba ta kasa ta baƙo daraja ba.