Arthur Lewis da Mutuncin Mashawarci

A 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, Arthur Lewis, masanin tattalin arziki ɗan yankin Karibiyan, ya zama mai bai wa Kwame Nkrumah shawara. Lewis ya nace a fara bunƙasa noma, a yi tsimin dukiyar ƙasa. Nkrumah kuwa manyan ayyuka na kece raini ya sa a gaba. A ƙarshen 1958 Lewis ya ajiye aikin.

A ganina, wannan murabus ya fi lambar Nobel da ya samu a 1979 daraja. Duk mashawarcin da ya zauna yana amincewa da abin da ya san kuskure ne, ya koma maroƙin fada, talaka kuwa shi zai biya bashin.